Tambaya kan eyabag: me ke sa shi fashewa, kuma laifi ne mutum ya kashe shi?

Baban_Yara:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Maiɗakina ta fara tuƙi, to ita gajeriya ce, in ba ta matso da kujera gaba sosai ba ƙafarta bata kaiwa birki yadda ya kamata, sai kaga ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari. Ga kuma jaririya da Allah ya bamu, mun sayi irin kujerar jarirai ɗin nan da ake ɗaurewa jariri yana kallon baya, ita kuma maman so take ta riƙa ɗaure ta a kujerar gaba kusa da ita don idonta na kanta in suna tafiya su biyu. Shine wani yake ce min wai eyabag ɗin nan, jakar iskar da ke fitowa ta tare mutum in an yi karo, in ya fashe yana iya karya wuyan mutum, wai ma ya sha kashe yara, shawarar da ya bani in kai wa mai wayarin ya cire fiyus ɗinsa ko ya zare soket ɗin gaba ɗaya kowa ya huta.

Ni dai abin ya tsaya min a rai. So nake in gane wai shin me ke sa shi ya fashe ma tukuna, in mutum ya taka birki da ƙarfi ko ya faɗa rami zai iya tashi? kuma in na sa an kashe shi akwai laifi a doka ne ko kuwa tunda motata ce ba ruwan kowa? Na gode.

Mai_Wayarin:

Wa'alaikumussalam Baban yara, Allah ya raya jaririya. Kafin komai kar ka bari kowa ya zare maka fiyus ko soket tukuna, bari in maka bayanin yadda abin yake sai ka yanke hukunci da kanka.

Shi eyabag ba ƙarar karo yake ji ba, ba kuma lotsewar bodi yake kallo ba, abin da yake aunawa shine yadda gudun mota ya yanke farat ɗaya. Akwai wani ɗan akwati da shine ƙwaƙwalwar tsarin, yawanci a tsakiyar mota yake wajen giya ko ƙasan rediyo, an ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar don duk abin da motar ta ji shima ya ji. A cikinsa akwai 'yar sensa da ke auna raguwar gudu, sannan akwai wasu a gaba wajen lagireto, wasu a cikin ƙofofi ko ginshiƙin tsakiya saboda bugun gefe. Tunda ka murɗa makulli suke ta aika rahoto ba tsayawa. In aka yi karo ƙwaƙwalwar zata duba ƙarfin abin da ɓangaren da ya fito, kuma bata yarda da maganar sensa ɗaya sai wata ta biyu ta gaskata, don kar wata sensa da ta samu matsala ta fasa wa mutum jaka a fuska yana tsaka da tafiya. Birki kuwa ko ka taka shi har ƙasa tayoyi suna ihu ƙarfinsa bai kai ko kusa da na karo ba, don haka birki baya tayar da shi. Rami na yau da kullum ma baya tayarwa, sai dai in ƙasan motar ya daki wani abu mai tauri da gudu sosai, irin mutum ya hau dakalin gefen titi ko ya dira cikin kwalbati, wannan kam yana faruwa.

Hukumar kiyaye lafiyar motoci a hanya ta Amurka, NHTSA, ma'aunin da take bayarwa shine jakar gaba tana tashi ne in ƙarfin karon ya kai na motar da ta daki katangar da bata motsi da gudun mil 8 zuwa 14 a awa, wato wajen kilomita 13 zuwa 23. Zakaji kamar kaɗan ne, amma ka lura katanga aka ce, wadda bata ja da baya ko kaɗan. In motar da ke ajiye ka daka wadda zata lotse kuma ta gangara, sai gudunka ya kusa ninka haka kafin a samu wannan ƙarfin.

To in ƙwaƙwalwar ta yanke cewa a tashi, sai ta tura wuta zuwa wata siririyar waya a cikin wani gwangwanin ƙarfe da ke tsakiyar sitiyari, wayar ta yi zafi ta kunna abin kunnawa, shi kuma ya kama wasu ƙwayoyin sinadari da ke cikin gwangwanin, su ƙone nan take su zama iska, mafi yawa naitirojin. Tsofaffin motoci sodiyom azayid ake sa musu, yanzu an fi amfani da guwanidin naitiret don wancan guba ne kafin ya ƙone. Iskar nan ta bi ta cikin wata ragar ƙarfe da ke rage mata zafi, ta cika jakar nailan da aka naɗe, jakar ta yaga murfin sitiyari ta inda aka riga aka yi masa rauni daga ciki ta fito. Duk wannan daga dukan farko zuwa cikar jaka bai kai kashi ɗaya cikin 20 na sakan ba, kuma jakar kanta tana fitowa da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa. Na gefe ma sun fi sauri tunda tsakaninka da ƙofa ba wani fili.

Ga inda mutane basu ganewa ba kuma nan amsar tambayarka take. An tsara abin ne jakar ta gama cika KAFIN jikinka ya iso, a bayanta akwai huji, kana faɗowa kanta tana sakin iska ta hujin, wannan sacewar ce take tsayar da kai a hankali maimakon ƙirjinka ya haɗu da sitiyari. Wanda ya sa bel ya zauna da tazara jaka cikakkiya mai sacewa yake tararwa. Wanda ya manne da sitiyari, ko bai sa bel ba birki ya riga ya wurgo shi gaba, shi kuma jakar tana kan hanyar fitowa yake haɗuwa da ita, daidai yake da ka miƙa fuska wa ɗan dambe a lokacin da ya saki hannu. Inci 2 zuwa 3 na farkon fitowar jakar nan ne ajalin yake, shi yasa ake cewa a bar aƙalla inci 10, santimita 25 kenan, tsakanin ƙashin ƙirji da tsakiyar sitiyari.

Wancan farin abin da ke cika mota bayan ya fashe da mutane ke zaton gobara ce, ragowar ƙonewar sinadarin ne, a tsofaffin motoci har da hodar da ake barbaɗa wa jakar don kar ta manne. Yana sa tari da ƙaiƙayin ido na ɗan lokaci.

Batun fiyus kuwa, in aka zare shi ba jaka ɗaya ka kashe ba. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke riƙe da na direba da na fasinja da na gefe da na labulen taga, har da abin da ke fizge bel ya ɗaure ka da kujera a lokacin karo, shima da wuta da sinadari yake aiki. Kenan don gudun abu ɗaya ka tuɓe wa iyalinka duka kariyar, gudun gara an faɗa gidan zago.

Tsohon_Direba:

Hmm. Mai wayarin ka iya bayani ba laifi, amma ni fa tun motoci basu da wannan abin nake tuƙi kuma gani nan da raina alhamdulillah. Na taɓa ganin wanda abin ya fashe masa a ɗan karon da bai taka kara ya karya ba, hannunsa duk ya sale, tabarau ya karye, kunnensa ya kwana yana ƙara, sannan kuɗin gyaran jakar da dashbod ya fi na bamba da fitilun da suka fashe. Ni a ganina in mutum ya sa bel ɗinsa ya yi tuƙi da hankali ya wadatar. Kuma maganar doka, yaro, mota taka ce da guminka ka saya, in ka ga dama ka cire kujerar ma baki ɗaya ka ajiye benci, wa zai tare ka ya ce buɗe sitiyari in gani?

'Yar_Doka:

Baba Tsohon direba Allah ya ƙara girma, amma a nan kam zan ɗan saɓa maka. Salewar hannu da ƙarar kunne gaskiya ne suna faruwa, sai dai shi wanda ya sale ɗin baya ganin abin da zai same shi da jakar bata fito ba, shi yasa kullum labarin salewar ake ji.

Malam Baban yara, tsoron da aka baka yana da asali, ba ƙarya mutumin ya yi ba, kawai labarin ne ya tsufa a bakinsa. A Amurka wata doka ta 1991 ce ta wajabta jaka biyu a gaba, ta direba da ta fasinja, ƙananan motoci daga samfurin 1998, su a-kori-kura da jif daga na 1999. Jakunkunan farko an yi su da ƙarfin da zai tare baligin namiji da bai sa bel ba, to sai ya zama suna yi wa yara da ƙananan mata illa. Ƙiyasin NHTSA mutum fiye da 290 ne jakar gaba ta kashe a karon da ba na gudu ba tsakanin 1990 da 2008, kusan kashi 90 cikin 100 a motocin da aka ƙera kafin 1998, kuma sama da kashi 80 basu sa bel ba ko ba a ɗaure su daidai ba, mafi yawansu yara ne da jarirai a kujerar gaba. Daga 1997 aka ba kamfanoni dama suka rage wa jakar ƙarfi, daga baya aka kawo masu sensa a kujera da ke gane nauyin wanda ya zauna, su rage ƙarfi ko su kashe kansu in yaro ne, zuwa samfurin 2007 duk sabbin motocin can sai da wannan. A ɗaya hannun kuma hukumar ta ce jakar gaba ta ceci rai sama da dubu 50 tsakanin 1987 da 2017. Ka ɗora lissafin biyu a sikeli ka gani.

Yanzu doka. Kowace ƙasa da nata, amma in ka duba zakaga kusan duk sun raba abu biyu, kashewa na ɗan lokaci da makunnin da aka tanada saboda dalili, da kuma cirewa ko lalata tsarin.

A Amurka dokar tarayya ta hana kamfani da dila da masu bada hayar mota da gareji su lalata duk wani abin kariya da doka ta sa a mota, eyabag na ciki, bakaniken da ya zare maka shi ya karya doka kuma tara ce a kansa. Abin da zai baku mamaki ita wannan dokar bata hau kan mai motar da ya yi da hannunsa ba, nan kam Baba yana da ɗan abin kamawa, amma jihohi suna da nasu dokokin, wasu suna hukunta sa jabun jaka ko sayar da mota an ɓoye cewa babu jaka a ciki. Hanyar halak ɗin ita ce tun watan Janairun 1998 mutum zai iya cike takarda ya aika wa NHTSA, in sun amince su bashi wasiƙa ya kai gareji a sa masa makunni na kashewa da kunnawa mai fitilar da ke nuna a kashe yake. Kuma ba don mutum yana jin tsoro ake bayarwa ba, dalilan sanannu ne, jaririn da dole sai a gaba za a ɗaure shi don motar bata da kujerar baya ko likita ya ce a sa masa ido, yaro ɗan shekara 1 zuwa 12 da ba makawa sai ya zauna gaba, direban da duk yadda ya gyara kujera baya iya samun inci 10 ɗin nan, sai mai wata larura da likita ya tabbatar jakar ta fi masa haɗari.

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa abin har ya juye, akwai inda RASHIN kashewa ne laifin. Haramun ne a ɗaure kujerar jariri mai kallon baya a gaba alhali jakar fasinja tana kunne, dole a kashe ta, shi yasa motocin Turai da yawa suke zuwa da wajen zura makulli a gefen dashbod ta ɓangaren fasinja ko cikin durowa, ka murɗa fitila ta nuna maka a kashe take. Amma a Ingilan in ka je gwajin lafiyar mota na shekara shekara da suke kira MOT aka ga an cire jakar da motar ta zo da ita, ko fitilar eyabag tana nuna matsala, motar ta faɗi kenan. Jamus ta fi tsanani, cire shi na iya soke izinin hawa titi na motar, kuma taɓa gwangwanin ma a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa yake, sai wanda aka horar.

Ko a ƙasar da ba wanda zai tare ka ya ce buɗe sitiyari, matsalar bata zuwa a shingen duba takardu, bayan hatsari take zuwa. Kamfanin inshora in ya gano an taɓa tsarin kariya ba a sanar da shi ba zai iya ƙin biya, ƙwaƙwalwar nan kuma tana ajiye bayanin abin da ya faru, ana jona kwamfuta a karanta. In fasinja ya ji rauni ko ka sayar da motar baka faɗa ba wani ya mutu a ciki, "motata ce" bata fitar da kai a gaban alƙali, balle tsakaninka da Allah. Kujerar direba ma ai ba kai kaɗai kake zama a kanta ba.

Game da jaririya, amsar mai sauƙi ce, a baya za a ɗaure ta. Kujera mai kallon baya kan jariri yana dab da dashbod ne, jakar in ta fito bayan kujerar zata daka daidai ƙeyarsa. Shawarar da ake bayarwa duk yaron da bai kai 13 ba a baya yake zama.

Baban_Yara:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Fiyus kam an fasa. Amma Oga mai wayarin ga wata kuma, wani abokina an dake shi ta baya but ɗin ya shige ciki gaba ɗaya amma ko jaka ɗaya bata fito ba, shine muke cewa ko dai motar ba komai a cikin sitiyarin. Sannan ni tawa ta hannu na saya, ya zan gane nawa na nan da rai? akwai wata fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa tana kamawa in na kunna mota sai ta ɗauke.

Mai_Wayarin:

Na abokinka daidai motar ta yi. In aka dake ka ta baya jikinka baya yake komawa cikin kujera, abin da ke ceton wuyanka a nan matashin kan kujera ne, jakar gaba ba abin da zata tare sai ma ta ƙara ɓarna, don haka ƙwaƙwalwar bata kira ta. Haka in mota ta wuntsila, na labule ne ke sauka a motocin da ke da sensar wuntsilawa kuma su suna daɗewa a cike 'yan sakanni don motar na iya juyawa fiye da sau ɗaya. Wani lokacin ma zakaga gaban mota ya yi raga raga jaka bata fito ba, misali ta shige ƙarƙashin babbar mota ko ta goga a kaikaice, bodi ya sha wuya amma gudun a hankali ya ragu. Yawan lotsewa ba shine ma'auni ba.

Fitilar da kake gani itace, a wasu motocin SRS ake rubutawa. Yadda ka faɗa haka ake so, ta kama 'yan sakanni tana gwada layukanta sannan ta ɗauke. In ta tsaya a kunne ko tana ƙiftawa akwai matsala kuma ka ɗauka jakar ba zata fito ba har sai an gyara, sau da yawa ma ba wani babban abu bane, soket ɗin ƙarƙashin kujera ne ya saki saboda ja gaba ja baya, ko naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin wuyan sitiyari ta tsinke, alamarta sai kaga hon da maɓallan sitiyari suma sun daina aiki. Wadda ta fi bani tsoro ita ce wadda bata kamawa kwata kwata, wannan an cire ƙwan ne ko an liƙe shi da baƙin salatif ta ciki.

Amma gaskiya fitila kaɗai bata isa shaida ba a motar hannu, don a sana'ar nan tamu akwai marasa tsoron Allah. Mota ta yi hatsari jaka ta fashe, sabuwa da tsada, sai a cusa tsumma ko soso a ramin a manne murfi a fesa fenti, a sa wani ɗan abu a layin da zai yaudari ƙwaƙwalwar ta zaci jaka na nan, fitila ta yi ta kamawa tana ɗaukewa lafiya lau. Na taɓa buɗe sitiyarin wata mota mai kyau tas, abin da na tarar a ciki tsohuwar safa ce da ledoji, mai motar yana tsaye sai da ya zauna a ƙasa. Ka duba murfin sitiyari da dashbod ɗin fasinja, in kalarsu ta bambanta da sauran, ko tambarin ya karkace, ko ka shafa kaji tudun gam, ko bel ɗin baya komawa da kansa, to a kai wa wanda ya san aikin ya jona kwamfuta kuma ya duba da ido. Akwai jabun jaka ma a kasuwa, NHTSA ta yi gargaɗi a kansu tun 2012, wasu basa tashi wasu kuma wuta da ɓaraguzai suke fesowa.

Sannan ka ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ka duba a shafin kamfanin motar ko tana cikin kiranyen Takata, wato kiran da aka yi a dawo da motoci a canja musu jaka. Wannan kamfanin Japan ne da ya yi amfani da amoniyom naitiret a gwangwaninsa, sinadarin in ya shekara yana shan zafi da laima sai ya lalace ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse ya watso ƙarfe a fuska da wuya. A Amurka kaɗai jaka kusan miliyan 67 aka yi wa kiranye, mutum fiye da 20 suka mutu a can, kamfanin ya durƙushe a 2017. Honda, Toyota, Nissan, Ford, BMW, Mazda da wasu da yawa duk abin ya shafa, musamman na shekarun 2000 zuwa 2015. Wannan ne eyabag ɗin da ya cancanci a ji tsoronsa da gaske, kuma maganinsa canjawa, inda kiranyen ke aiki dila kyauta yake sawa.

Ƙarin jan kunne ga masu son taɓa waya da kansu, soket mai launin rawaya a mota yawanci na eyabag ne, kar a sa masa mita ko fitilar gwaji don 'yar wutar mitar na iya tayar da shi. Ko an cire kan batir akwai kafasita a ƙwaƙwalwar da ke riƙe wuta, an sa ta ne don jaka ta iya tashi ko da batir ya fashe a karo, sai an jira lokacin da littafin motar ya ce, wasu sakan 90 wasu minti 3.

Gajeriya_a_Sitiyari:

Lol nima layin madam nake, duk motar da na shiga sai na ja kujera mai ita ya dawo yana mita. Baban yara kace mata ta gwada wannan kafin a yi maganar makunni, da yawanmu muna matsowa ne fiye da buƙata saboda tsoron farkon koyo. Ta ja kujerarta baya iya inda zata taka birki har ƙasa gwiwarta da ɗan lanƙwasa, sannan ta ɗan kwantar da majinginar kaɗan, wannan kaɗai yana ƙara tazara sosai, in ta ga bata hango gaba sai ta ɗaga kujerar sama in tana ɗaguwa ko ta sa matashi mai tauri wanda baya zamewa. In sitiyarin yana shiga ciki a tura shi, in yana sauka a saukar ya kalli ƙirji ba fuska ba. Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna daga ƙashin ƙirji zuwa tsakiyar sitiyari, santimita 25 ba wani nisa bane, yawancin gajeru suna samu. Wanda ya kasa akwai abin ƙara tsawon feda da ake ɗaurawa.

Hannu kuma a gefe da gefe, kar a ɗora shi a saman sitiyari ko a gitta shi ta tsakiya, in jaka ta fito hannunka da agogonka zata maka maka a fuska, inaga irin abin da ya samu mutumin Baba kenan. Masu miƙe ƙafa a kan dashbod in ana tafiya mai nisa suma su daina dan Allah, gwiwa ce ke komowa fuska.

Ko da ciki ne da ita likitoci basa cewa a kashe, bel ɗin ƙasa a ƙarƙashin cikin kan ƙugu, na kafaɗa ya bi tsakanin ƙirji, a ƙara ja da baya yadda cikin ke girma. Jaririya kuwa akwai ɗan madubi da ake ɗaurawa a matashin kujerar baya yana kallonta, daga madubin tsakiya kina ganin fuskarta, in ta fara kuka a samu wuri a faka, don ko a gaba take ai bai kamata ana tuƙi ana jijjiga ba.

Tsohon_Direba:

To 'ya'yan zamani kun taru a kaina. Maganar jariri a baya na yarda ba gardama. Amma ni akwai ƙaton ƙarfen da na sa aka walda min a gaban mota saboda dabbobi da dare, da shi ai ko jakar bata nan ba abin da zai iso ni ko?

Mai_Wayarin:

Baba ƙarfen nan zai ceci lagireto da fitilu in akuya ce, amma in bishiya ce ko wata motar kai zai cuta. Gaban mota da gangan aka yi shi ya lotse don ya shanye dukan kafin ya iso ɗakin da kake zaune, in aka walda ƙarfe kai tsaye a shasi dukan sai ya wuce ta cikinsa ya taho wajenka da ƙarfinsa. Ita kuma ƙwaƙwalwar da yanayin lotsewar bamban asali aka koya mata lissafi, ƙarfen zai iya sa ta fasa jaka a ƙaramin bugu ko ta makara a babba, makararriyar jaka kuwa ita ce mai samun mutum ya riga ya iso sitiyari. Akwai waɗanda aka ƙera aka gwada su da irin motar don su dace da eyabag, suna da maɗauri mai lotsewa a tsakaninsu da shasi, in dole sai ka sa to irinsu zaka nema a kwance na waldan.